Daga Yoga Zuwa Dambe: Ladabin Aron Al'ada

'Yan uwana ɗalibai, yoga motsa jiki ce da ta samo asali daga Indiya, amma a wurin masu ita ta wuce motsa jiki. Littafin Patanjali ya kasa ta rassa takwas, ciki har da tarbiyya da sarrafa numfashi. Lanƙwasa jikin da muke gani a intanet reshe ɗaya ne kacal. Da ta shiga Amurka sai aka ɗauki reshen da ke kawo kuɗi aka bar sauran. Har wani malami, Bikram Choudhury, ya nemi mallakar jerin motsi 26, kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta hana shi a 2015.

To, me ya shafe mu? Dambe.

Damben da ake yi a ƙauyukanmu na Roni da Gwiwa bayan kaka yanzu ya hau YouTube, kamfanoni na nuna wa duniya shi. Ban ƙi ba, ai ci gaba ne. Sai dai dambe ma rassa gare shi. Asalinsa wasan mahauta ne. Akwai kiɗan kalangu da kirari. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan garkuwa. Turmi uku ake yi, wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Akwai ɓangarori irin su Kudu da Arewa da Guramada. Wanda ya yanke bidiyo ya bar naushi kawai, ya yi wa dambe abin da aka yi wa yoga.

Abin da ya fi burge ni shi ne sunayen 'yan dambe. In ka ji "Shagon wane", ma'anarsa yaron wane ne, a hannunsa ya koya. Wato ɗan dambe na yawo da sunan ubangidansa, kamar yadda malamanmu ke tilasta mana faɗin inda muka samo bayani a aikin kammala karatu.

Saboda haka, duk mai son koyarwa ko cin abinci da al'adar wasu, ko tamu, ya riƙe uku:

1. Ya faɗi asalinta da wanda ya koya masa.
2. Ya san ƙa'idojinta kafin ya taɓa su.
3. Ya ba masu ita rabonsu, har makaɗi.

Mu da ke ɗaukar bidiyo a filin dambe, daga kanmu za a fara. Kayan aro ba ya rufe katara.