Darasi: In Ɗan'uwa Ya Roƙe Mu Kuɗi

Yawancinmu da ke zaune a Sifawa da Boɗinga da Shagari aiki ne ya kawo mu. Wasunmu malaman makaranta ne, wasu ma'aikatan asibiti, wasu masu shago. Mun baro iyaye da ƙanne a gida, kuma a ganinsu duk wanda ke bakin aiki ba ya rasa abin hannu. Da zarar albashi ya shigo, sai waya ta fara ƙara: kuɗin makaranta, kuɗin magani, taki, gudummawar biki.

Roƙon ba na wasa ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, abinci da kuɗin mota suka bi ta. A 2024 an mai da mafi ƙanƙancin albashi naira 70,000 daga naira 30,000, amma tsada ta riga ta yi gaba. Mai roƙo yana cikin matsi, wanda ake roƙo ma haka. To, yaya za mu yi?

Na fari, mu san wanda haƙƙinsa ya fi nauyi a kanmu. A 1 Timoti 5:8 Manzo Bulus ya tsawata wa mai bi da ya yi watsi da mutanen gidansa. Abincin yara, haya, da kula da tsofaffin iyaye wajibi ne. Magidancin da ya ɗauki kuɗin hatsi ya kai wurin biki domin a yabe shi, suna ya saya da yunwar 'ya'yansa.

Na biyu, mu keɓe rabon taimako tun farkon wata, miji da mata tare. A 2 Korintiyawa sura 8 da 9 an koya mana mu bayar gwargwadon abin da muke da shi, da yardar zuciya, ba bisa tilas ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Rashin lafiya ya riga biki, kuma kada mu ci bashi mai ruwa domin gudun kunya.

Na uku, mu bambanta kyauta da rance. In kyauta ce, mu faɗa, mu manta. In rance ne, a sa rana a gaban shaida. Littafin Sirak, sura 29, ya yaba wa mai ba da rance, amma ya nuna yadda rance ke mai da aboki abokin gaba. Abin da ba za mu iya yafewa ba, kada mu ranta wa ɗan'uwa.

Na huɗu, kuma a nan muka fi faɗuwa, mu faɗi gaskiya. Muna jin nauyin cewa babu, sai mu ce, "Bari mu ga ƙarshen wata," sa'an nan mu daina ɗaukar waya. Mai majinyaci yana can yana jira, bai nemi wata hanya ba domin ya dogara gare mu. Alkawari kaya ne. A Matiyu 5:37 Ubangijinmu ya umarce mu mu tsaya kan magana ɗaya. Ya fi kyau mu ce, "Yaya, dubu ashirin ta fi ƙarfina, ga dubu biyar, ba rance ba ce."

A ƙarshe, kada mu ɗauki kayan mu kaɗai. Ƙungiyar St. Vincent de Paul, wadda Frederic Ozanam da abokansa suka kafa a birnin Paris a 1833, takan ziyarci mabukaci a gidansa ta ga halin da yake ciki. Mu yi koyi da ita, mu kira sauran dangi a raba nauyin, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu tambayi kanmu a wannan mako: wane ne muka yi wa alkawari muka yi shiru? Mu neme shi kafin Lahadi. Allah ya ba mu hannun bayarwa da bakin gaskiya. Amin.