Ciwon Toshewar Huhu: Ƙirga Tashin Bara Kafin Hunturu Ya Kama

Dattijon da ke fama da ciwon toshewar hanyoyin iska na huhu, wanda likitoci ke kira COPD, yakan yi watanni yana lallaɓawa, rana ɗaya numfashi ya gagara, a kwashe shi sai asibiti. 'Yan uwa su ce abin ya zo ba zato. Alhali akasari ana iya hango shi tun daga nesa.

Ka fara da tambaya ɗaya: sau nawa ciwon ya tashi bara? Binciken ECLIPSE, da aka wallafa a 2010 bayan bin marasa lafiya sama da 2,000 tsawon shekara uku, ya nuna ba abin da ke nuna tashin gaba kamar tashin baya. Wanda ciwonsa ya tashi sau biyu a shekara har ya buƙaci maganin ƙwayoyin cuta ko prednisolone, ko aka ba shi gado ko da sau ɗaya ne, yana cikin masu haɗari sosai.

Don haka ka nemi ɗan littafi. Duk ranar da tari ya tsananta, ka rubuta kwanan wata, maganin da aka sha, da kwanakin da ya yi kafin ya lafa. Har wanda aka jure a gida ba a je asibiti ba, a rubuta shi, domin shi aka fi mantawa in an zauna gaban likita. Ni a ganina littafin nan ya fi gwaje-gwaje masu tsada da yawa amfani.

Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin su ne raunin huhu a gwajin hura iska, yawan ƙwannafi, taba, da hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki. Ka roƙi likita ya duba ƙwayoyin jini da ake kira eosinofil. In sun kai 300, maganin shaƙa mai sitiroyid yakan taimaka wajen rage tashin.

Kafin sanyi da hazo su shigo, a tanadi maganin shaƙa, a kuma gwada yadda ake shaƙarsa a gaban ma'aikacin lafiya, don da yawa suna fesa shi a baki kawai bai kai huhu ba. A tambayi rigakafin mura da na limoniya.

In kaki ya ƙaru, ko ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ko tafiya zuwa masallacin unguwa ta fara sa Baba tsayawa yana haki, a ga likita a ranar. In leɓɓansa suka yi shuɗi, ko ya rikice, ko ya kasa haɗa magana saboda haki, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.