Chongqing, Birnin Kan Duwatsu: Jagora Ga Baƙo A Ƙasar Sin

Da yawa daga 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasar Sin sukan shafe shekara ba su leƙa wani gari ba sai wanda suka sauka. Ɗan kasuwar Guangzhou daga masauki sai kasuwa, na Yiwu daga kasuwa sai wurin loda kwantena, ɗalibi kuwa daga aji sai ɗakin kwana. To, in Allah ya hore maka hutun kwana huɗu ko biyar da ɗan guzuri, Chongqing na cikin wuraren da ba za ka yi da-na-sanin zuwa ba. Ana furta sunan kamar "Congcing". Ko da ba ka san garin ba, ka san kayansa, domin kamfanin babur ɗin Lifan da ya cika titunan Arewa a nan aka kafa shi a 1992.

Wane irin gari ne?

Chongqing na kudu maso yammacin ƙasar, daidai inda kogin Jialing ke zubawa cikin kogin Yangtze. Da can yana cikin lardin Sichuan, sai a 1997 aka cire shi aka mai da shi ƙarƙashin gwamnatin tsakiya kai tsaye, kamar Beijing da Shanghai da Tianjin. A nan gwamnatin Sin ta zauna lokacin yaƙinta da Japan, daga 1937 har aka gama yaƙin a 1945. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 32.

Sai dai ba duka ne ke cikin birni ba. Ƙasar da ake kira Chongqing ta kai murabba'in kilomita 82,400, daga gabas zuwa yamma kimanin kilomita 470, kuma yawancinta duwatsu ne da ƙauyuka da gonaki. Saboda haka in an ce maka wuri kaza a Chongqing yake, ka tambayi tafiyar awa nawa ce kafin ka ɗaura takalmi.

Taswira ba ta nuna tsayi

Wannan shi ne babban abin da baƙo zai riƙe. Tsakiyar birnin, unguwar Yuzhong, wani dogon dutse ne da koguna biyu suka sa a tsakiya, kuma a jikinsa aka yi gine-gine, wani bisa wani. Waya za ta ce maka saura mita 200 ka isa, alhali wurin yana can hawa goma sama da kanka. Za ka shiga gini daga bakin titi, ka hau lifta zuwa hawa na goma sha ɗaya, ƙofa ta buɗe, sai ga wani titin da motoci da masu talla. A dandalin Kuixinglou mutum kan ɗauka a ƙasa yake tsaye, sai ya leƙa ta bakin shinge ya tarar yana kan hawa na 22.

Maganin wannan abu uku ne. Ka sa takalmi mai laushi wanda ba ya santsi. Ka rage kaya, ka bar babban akwati a masauki, don matakala ba ta ƙarewa. Sannan ka riƙa tambaya, domin matambayi ba ya ɓata, kuma mutanen garin su kansu da "hau sama" da "sauka ƙasa" suke kwatance. Ka ajiye sunan inda za ka da rubutun Sinanci a waya, ka nuna wa mai shago ko mai gadi. Manhajar Amap ta fi amfani a nan, Didi kuma don kiran mota, amma ka tabbatar kai da direba kuna hawa ɗaya, in ba haka ba kowa zai ta jiran ɗan'uwansa.

Hanya da masauki

Daga Guangzhou jirgin sama kan ɗauki kimanin awa biyu zuwa filin Jiangbei, daga can layi na 10 na jirgin cikin gari zai shigo da kai. Jirgin ƙasa mai sauri kan ci wajen awa bakwai, daga Chengdu kuwa bai kai awa biyu ba. Birnin na da manyan tashoshi fiye da ɗaya, akwai ta Arewa da ta Yamma da ta Gabas, kuma tsakaninsu da nisa, don haka ka duba tikitinka da kyau. Ana sayen tikiti ta manhajar 12306 da lambar fasfo, fasfon ne kuma za ka nuna a ƙofa. Kada ya rabu da jikinka, ko wuraren yawon buɗe ido ma sukan neme shi.

Kafin ka biya kuɗin otal, ka tabbatar suna iya yi wa baƙon waje rajista. In kuwa gidan aboki za ka sauka, doka ta ce ka yi rajista a ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Masauki kusa da Jiefangbei ko Jiaochangkou ya fi sauƙi ga sabon zuwa. Biyan kuɗi kusan duk ta Alipay ne ko WeChat, amma ka riƙe 'yan takardun yuwan saboda halin rayuwa. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 120.

Yaushe ya dace?

Daga Maris zuwa Mayu, ko daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Kada ka ce ai ka saba da rana. Zafin Yuli da Agusta a nan mai gumi ne, iska ba ta motsi, yakan haura digiri 40, kuma a Agustan 2022 ya kai 45 a gundumar Beibei. Da sanyi kuma hazo kan rufe garin har ka kasa hango ƙetaren kogi. Ka guji makon farko na Oktoba, da hutun farkon Mayu, da bikin sabuwar shekarar Sinawa, don a lokacin tikiti kan yi wuya, layi kuma sai wanda ya gani.

Kwana biyu a cikin gari

Ka fara da layi na 2, jirgin da ke tafiya a kan doron kankare guda ɗaya a gefen dutse, kogin Jialing na ƙasa. A tashar Liziba jirgin kan kutsa cikin wani gini mai hawa 19 ya fita ta ɗaya gefen. Tashar na tsakanin hawa na shida da na takwas, sama da ita kuma gidajen mutane ne. Tare aka gina tashar da gidan, ƙafafun jirgin kuma na roba ne, shi ya sa ƙararsa ba ta da yawa. A Lianglukou akwai matakalar lantarki mai tsawon mita 112. Akwai kuma motar da ke rataye a igiyar ƙarfe, wadda tun 1987 take ƙetare da mutane bisa Yangtze. Ka je mata da sassafe.

Gidan tarihi na Kwazazzabai Uku, wanda ke fuskantar babban zauren taron jama'a, zai ba ka labarin kogin Yangtze da na garuruwan da ruwan babban dam ɗinsa ya cinye. Ba a buɗe shi ran Litinin. Da magariba ka nufi Hongyadong, ginin nan mai hawa 11 da ke maƙale a jikin dutse. Cikinsa shaguna ne da turmutsitsi, kyansa daga nesa yake, don haka ka tsaya kan gadar Qiansimen ka jira a kunna fitilu. Wasu za su tsura maka ido, wasu su nemi ɗaukar hoto da kai, musamman waɗanda suka zo daga ƙauye. Yawanci mamaki ne kawai. In ba ka so, ka ɗaga hannu da fara'a ka wuce.

Ci da salla

Abincin da garin ke alfahari da shi huoguo ne. Tukunya ce a tsakiyar tebur, romo jajir yana tafasa, barkono na iyo a kai tare da huajiao, wani ɗan'uwan fasaƙwari mai sa leɓe ya yi zir ya mutu na ɗan lokaci. Kowa kan ɗauki yankan tumbi ko nama ya tsoma na 'yan daƙiƙu, ya dangwala a man riɗi da tafarnuwa. Romon da kitsen sa ake yi, amma a gidajen cin abinci na gama-gari ana kawo naman alade da jinin agwagwa, kuma taliyar safe da suke kira xiaomian galibi da kitsen alade ake haɗa ta. Musulmi sai ya nemi wurin da aka rubuta alamar halal, wadda suke kira qingzhen. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi suna warwatse a unguwanni da dama. In cikinka bai saba da yaji ba, ka ce "wei la", wato kaɗan, ko da yake kaɗan ɗinsu ma ba wasa ba ne.

Akwai masallaci a titin Zhongxing kusa da tashar Jiaochangkou, kuma a kewayensa ana samun abincin halal. Alƙibla yamma take. Ƙasar Sin duk agogo ɗaya take bi, don haka rana ba ta karkata a nan sai wajen ƙarfe ɗaya. Wanda ya zo daga Yiwu zai ga azahar ta ja baya da kusan awa guda, na Guangzhou da kusan rabin awa.

Wulong: kada ka koma ba ka je ba

Mafi yawan baƙi sukan ƙare kwanakinsu wajen kallon fitilu, alhali abin da ya fi cancantar wahalar tafiya yana Wulong, kudu maso gabas da birnin. A mota kimanin awa uku ne, jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2025 daga tashar Gabas kuwa bai cika awa ba. Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce, ruwa ya daɗe yana cin ta ta ciki, ya haƙa koguna, rufin wasu ya rufta, abin da ya rage a tsaye ya zama gadoji. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 2007.

Daga cibiyar baƙi bas zai kai ka bakin dutse, lifta ta sauke ka, sannan ka gangara matakala zuwa ƙasan rami. Nan za ka bi ƙarƙashin gadoji uku na halitta, Tianlong da Qinglong da Heilong, kowace tsayinta ya haura mita 200. Ruwa na ɗiga daga sama, sanyi na busowa ko da bazara, bishiyoyi sun tsiro a doron gadar, mutanen da ke gabanka kuma sun koma 'yan mitsi-mitsi. Mai imani ba ya fita nan bai yi tasbihi ba. Kusa da wurin akwai matsatsin Longshuixia, inda hanya ke bi tsakanin bango biyu, da kogon Furong, da dutsen Xiannü mai filin ciyawa a tsayin kusan mita 2,000. Ka kwana ɗaya a can, ka tafi da rigar ruwa da guzurin abinci, don halal na da wuyar samu a kan dutse.

In da sauran kwanaki

A Dazu, yamma da birnin, akwai sassaƙe-sassaƙe kimanin 50,000 a jikin duwatsu, yawancinsu daga ƙarni na 9 zuwa na 13. Siffofin addinan Sinawa ne, musamman na Buddha, sai ka san da haka kafin ka yanke shawara. Mai wadatar lokaci da aljihu kuma zai iya bin jirgin ruwa zuwa Yichang, kwana uku a kan Yangtze, ya ratsa kwazazzaban Qutang da Wu da Xiling har zuwa babban dam ɗin da ke lardin Hubei. Mashigar Qutang ita ce hoton da ke bayan takardar yuwan goma.

Shawarata ita ce kwana biyu a gari, biyu a Wulong, kuma ku tafi ku biyu ko uku, tafiyar ta fi sauƙi, kuɗin masauki ma ya ragu. Ka duba wa'adin bizarka kafin ka tashi, ɗalibi ya sanar da ofishin makarantarsa, kowa kuma ya bar wa wani ɗan'uwa lambar inda zai sauka. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo da ku lafiya.