Ƙwan Kaska da Zafin Bazara

'Yan'uwa manoma, mu da ke zaune bakin iyaka a Jibiya, kullum shanu suna shigo mana daga wajen Maraɗi, kaska kuwa ba ta tsayawa wurin kwastan. Bari mu duba al'amarinta tun daga ƙwai.

In macen kaska ta ƙoshi da jini, sai ta saki dabba ta faɗi ƙasa, ta nemi wuri mai inuwa, ta zuba ƙwai dubbai, sa'an nan ta mutu. Takan shafe ƙwan da wani abu kamar kakin zuma, don kada ruwan cikinsa ya ƙafe. Amma kakin nan yana da iyaka. A watan Afrilu, sa'ad da zafi kan kai awo 40, ƙwan da ke fili cikin rana yakan motse ya mutu. Ba zafi kaɗai ke kashe shi ba, bushewar iska ita ce babba. Ɗumi da laima in sun haɗu, sai su gaggauta ƙyanƙyasa. Shi ya sa wanda ke ƙarƙashin tarin kara, ko cikin tsagar katanga, ko ciyawar bakin dam yakan tsira.

To, tun ruwa bai sauka ba mu share turke rana ta doke shi, mu kwashe taki zuwa gona, mu liƙe tsaga da laka. Kaskar da muka cire kada mu yar, wuta za mu sa ta. Irin mai zane a baya ita ke buɗe wa kirci hanya, kirci kuwa yakan hana sa jan garma tsakiyar damina.