Ƙarar wayar lantarki a gajeren zango: auna ta kafin ka kashe kuɗi

Duk mai hulɗa da rediyon gajeren zango, wato megahaz 3 zuwa 30, ya san wannan ƙarar zizizi da ke danne murya. Sau da yawa lafiyar na'urar ƙalau. Wani noti ne ya yi sako-sako a kan falwaya, ko tangaran da ke riƙe waya ya tsage, sai tartsatsi ya riƙa tsallake ɗan giɓin, wayar kuma ta zama eriya tana watsa shi nesa.

Tartsatsin yana da ƙa'ida. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kowane juyi kuma ƙarfinta na kai ƙololuwa sau biyu, shi ya sa ƙarar ke bugawa sau 100 a daƙiƙa. A Amurka sau 120 ne. Nan injiniyoyi da dama ke yin tuntuɓe: su auna matsakaicin ƙarfin ƙarar, su lissafa ta kamar shimfiɗaɗɗiya ce bai ɗaya, alhali bugawa take tana tsayawa. Tun shekarun 1970 David Middleton ya tsara lissafin irin wannan ƙara. Jadawalin P.372 na hukumar ITU yana taimakawa wajen kiyasin ƙarar birni da ta ƙauye, amma bai san falwayar ƙofar gidanka ba. In za ka kwaikwayi ƙarar a kwamfuta, naɗi ta gaske, ka auna ƙarfin kowane bugu da faɗinsa da tazararsa. Ka naɗa da rani, ka sake da damina, domin ruwan sama yakan cike giɓin, tartsatsin ya lafa, amma a manyan layukan kilobolt 330 jiƙa ƙara ta take yi.

In kana neman tushen ƙarar, fara da gida. Kashe babban makunni, ka kunna rediyo da batir. In ta yi shiru, tuhumi inbata ko caja ko ƙwan LED. In sai an ɗauke wutar unguwa take yin shiru, to mai yiwuwa daga layi ne. Bi layin da rediyo a hannu kana hawa zango, don a zango na sama sai an matso kusa ake jin ta. Ka gano falwayar, rubuta lambarta ka kai wa kamfanin rarraba wuta. Kada ka doke ta ko ka girgiza wayar da ke ɗaure da ita.