Amsoshin Tambayoyinku: Mutum Ɗaya a Tsakiyar Teku

Wani mai sauraronmu daga Dutse a Jihar Jigawa yana tambaya: wai da gaske ne an taɓa samun wanda ya kewaye duniya shi kaɗai a ƙaramin jirgin ruwa?

To malam, gaskiya ne. Wanda ya fara shi ne Joshua Slocum, wanda ya tashi daga Boston ta Amurka a watan Afrilun 1895, ya dawo a Yunin 1898. Tsawon jirginsa, Spray, bai wuce mita 11 da ɗoriya ba. Ka san kwalekwalen masunta na Kogin Haɗeja, wanda ake tura shi da gora a wajen Ringim? Wannan ba haka yake ba, iska ce ke tura shi, ta hanyar babban ƙyalle da ake ɗaurawa a kan dogon itace.

Za ka ce yaushe yake barci? Nan gwanintar take. Yakan daidaita ƙyallen, ya ɗaure matuƙi da igiya, jirgi ya riƙe hanya da kansa. A tekun Indiya ya yi kwana 23 a haka, da wuya ya taɓa matuƙin. Littafin da ya rubuta kan tafiyar ya fito a 1900, kuma ya cancanci karantawa.

Shi Slocum yana yada zango a tashoshi. Wanda ya fara kewayewa ba tsayawa ko sau ɗaya ɗan Ingila ne, Robin Knox-Johnston, a 1969, bayan kwana 312 a kan ruwa.