Karatun yau: kalmar jungle da doguwar tafiyarta

Karatunmu na yau a kan kalma guda ne, kuma ba ta Hausa ba ce, ta Ingilishi ce. Wani zai ce: mi ya haɗa mu da Ingilishi, mu da muke fama da baƙaƙen Hausa? To, samarinmu suna zuwa biɗa Najeriya da Gana. Muna sauraren rediyo. Kuma akwai mutanen nesa waɗanda in aka ce Afirka, wannan kalma ce ke fara zo masu a baki. Sunan da ake kiran ƙasarka da shi kuwa, ya kamata ka san ma'anarsa.

Ga yadda ake rubuta ta: jungle. Haruffa 6 ne. Amma in za a faɗe ta, sai a ce jangul. Ingilishi ba kamar Hausa ba ne, abin da aka rubuta ba kullum shi ake faɗi ba. A nan, harafin u ana faɗinsa kamar a. Harafin e na ƙarshe kuwa ba a faɗinsa sam.

Mi take nufi? Wuri ne a ƙasa mai zafi da ruwan sama da yawa, inda itatuwa da haki da tsire-tsire masu yaɗo suka sarƙe da juna. Mutum ba ya ratsa shi sai da adda. A Hausa muna iya cewa sarƙaƙiya, ko duhuwa, ko surƙuƙin daji.

Mutane da yawa suna ɗauka ita ce kurmi. Da ɗan bambanci. Cikin babban kurmi, kamar na Kwango, manyan itatuwa sun rufe sama. Rana ba ta kai ƙasa sosai, dan haka ƙananan tsire-tsire ba su samun girma, mutum yana iya tafiya a ƙasa. Sarƙewar tana samuwa ne inda haske ke shiga: bakin kogi, ko inda babban itace ya faɗi, ko gonar da aka bari saura. Wannan wurin shi ne ainihin abin da kalmar ke nufi yau.

Yanzu ga abin mamaki. Kalmar ba a Ingila aka haife ta ba. Daga Indiya ta fito. Kuma can asalinta ba ta nufin wuri mai ruwa da duhu ko kaɗan.

Mutanen Indiya suna da wani tsohon harshe, Sanskirit, wanda malamansu ke karatun addini da na magani da shi. A cikinsa akwai kalmar jangala. Ma'anarta busasshiyar ƙasa, mai ƙarancin ruwa, itatuwa jefi-jefi, da ƙaya, da barewa. Masu maganinsu na dā sun raba ƙasa kashi 3. Akwai jangala, busasshiya. Akwai anupa, mai fadama da laka. Akwai ta tsaka-tsaki. A wurinsu jangala ita ce ƙasar lafiya, anupa kuwa ƙasar ciwo. A yammacin Indiya, wajen hamadar Tar, yankin garin Bikaner tun dā sunansa Jangladesh, watau ƙasar jangala. Ƙasar rairayi ce da raƙuma. Kuma gero suke nomawa, wanda suke ce ma bajra. Geron nan asalinsa daga nan Afirka ta Yamma ne, ya isa can tun shekaru dubbai da suka wuce.

Ku duba da kyau. Ƙasa mai ƙaya da rairayi da gero da raƙuma: ai dajin Tanut ke nan, ko na Dakwaro, ko na Abalak. Da tsohon malamin Indiya zai sauka nan, da ya ce wannan ita ce jangala ta ƙwarai.

To, ƙaƙa aka yi kalma ta juya haka? A hankali ne. Cikin harshen Hindi, wanda jama'a ke magana da shi a kasuwa, ta zama jangal. Ma'anarta ta ƙara faɗi: duk ƙasar da ba a noma ba, kamar yadda muke cewa daji ko dawa. Sai Turawan Ingila suka zo fatauci. Kamfaninsu na cinikin Indiya an kafa shi a 1600. A 1757 suka ci yaƙi a Bengal, suka fara mulki a can. Bengal kuwa ƙasar ruwa ce, inda kogin Ganga ke faɗawa teku. A can, ƙasar da aka bari ba noma ba ta zama fako. Nan da nan take cika da dogon haki da gora da namun daji. In Bature ya nuna wurin ya ce minene wannan, sai a ce mashi jangal. Mutanen ƙasa suna nufin ba gona ba ce. Shi kuwa abin da idonsa ya gani ya riƙe, watau sarƙaƙiya. A 1776 kalmar ta fito cikin wani littafin dokokin Indiya da aka buga da Ingilishi. Daga baya Faransawa ma suka are ta, suna rubuta ta daidai yadda Ingilishi ke rubutawa.

A 1894 wani marubuci, Rudyard Kipling, haifaffen birnin Bombai, ya buga littafin tatsuniyar wani yaro da kyarketai suka rena cikin dajin Indiya. Kalmar tana cikin sunan littafin. Yaran Turai da Amurka suka karanta shi, a 1967 kuma aka yi sinimarsa. Ta haka kalmar ta shiga gida-gida.

Amma tsohuwar ma'anar ba ta ɓace duka ba. A Ingilishi ana ce ma zaki sarkin jungle. Maharba sun san zaki ba ya zama cikin duhun kurmi. Fili yake so, mai haki da itatuwa jefi-jefi. Mu da muke cewa sarkin dawa, mun fi su daidai.

Ana kuma amfani da kalmar wajen habaici, kuma nan ne ya kamata a yi hattara. In aka ce dokar jungle, ana nufin inda babu shari'a, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. A Najeriya in taron jama'a suka kama wanda ake tuhuma da sata suka kashe shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, jaridu suna ce ma wannan shari'ar jungle. Ɗan biɗa baƙo ne, ba shi da mai tsaya mashi. In ya ji ana wannan magana a unguwa, ya san ba zancen itace ake ba. A Faransa ma, kusa da garin Kale, baƙin haure ƴan Afganistan da Sudan da Eritiriya sun yi zango suna neman ƙetarawa Ingila. Zangon nan jungle aka riƙa ce mashi, har gwamnati ta rushe shi a watan Oktoba na 2016.

Tsofaffi suna tune da damben da Muhammad Ali ya yi da George Foreman a Kinshasa, ran 30 ga Oktoba 1974, Ali ya kada shi a turmi na 8. Masu shirya damben sun sa kalmar nan cikin sunansa. Alhali kuwa Kinshasa babban birni ne, kuma cikin filin wasa aka yi, ƙarƙashin wutar lantarki. Sun ga Afirka ce kawai.

Amma kada mu yi masu dariya da yawa, mu ma muna yin haka. A Adar in saurayi ya tafi Abijan ko Akara, sai a ce ya tafi kurmi, ko da kuwa bai taɓa barin kwalta ba.

In ka je Najeriya ko Gana kana son ka ce za ni daji, kada ka ce jungle. Kalmar da suke amfani da ita ita ce bush. Kurmi kuwa forest ne.

Ga aiki dan masu zuwa ajin yaƙi da jahilci. Kowa ya rubuta kalmomin nan a allo: daji, dawa, kurmi, duhuwa, sarƙaƙiya, saura, fako. Ku tambayi tsofaffin garinku bambancin kowace da ƴar'uwarta. Ku tambaye su kuma ina duhuwar garin take a dā, da geza da sabara da magarya, kuma mi ke wurin yau. Abin da suka gaya maku, malamin aji ya tattara ya aiko wa jarida, tare da sunan garin.